Ranar da Mutanen Rano Ba Su Zo Ba

Tun da hantsi aka share zauren gidan Malam Ƙasimu na Tarai, aka shimfiɗa sabuwar tabarma da darduma biyu. Umma Laraba ta sa an yanka zakara, an soya waina, an dama fura an rufe da faifai. Ranar ce magabatan Muhyiddeen za su zo daga Rano a sa ranar aurensa da Zulaiha, 'yar Malam Ƙasimu.

Zulaiha tana ɗaki, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba. Duk ƙarar mashin da ta ji a waje sai ta kasa kunne.

Azahar ta wuce. Aka yi la'asar, waina ta huce, 'yan'uwan Baba da suka zo taya shi karɓar baƙi suka fara duban hanya suna duban juna. Can wayar Baba ta yi ƙara. Daga ɗaki Zulaiha tana jin muryarsa yana cewa, "To, Alhaji Ramalan. To. Babu komai. Allah Ya zaɓa mafi alheri."

Alhaji Ramalan kawun Muhyiddeen ne, shi ne madadin ubansa tun da mahaifinsa ya rasu. Da ta ji sunan, ta ji addu'ar da Baba ya rufe da ita, sai ta san abin da take gudu ya same ta. Ta kifa kai a gwiwa.

Ba ta buƙaci a gaya mata dalili ba.

Abin ya faro ne daga taki. Ɗan takarar majalisar jiha na jam'iyyar su Baba, wanda ake ce wa Honarabul, ya aiko da taki a raba wa manoman Tarai, aka sa dattawa uku su raba, Baba ne shugabansu. Takin bai kai ko'ina ba, mutane da yawa suka koma gida hannu rabbana. Muhyiddeen kuwa, direban bas ne tsakanin Rano da tashar Unguwa Uku a Kano, kuma ɗan a-mutun ɗaya jam'iyyar ne. Sai ya hau Fesbuk ya rubuta cewa wasu dattawan Tarai masu farin gemu sun karkatar da takin talakawa. Bai kama suna ba, amma a Tarai ko makaho ya san su wa ake nufi.

Da ya zo zance, Zulaiha ta yi masa kuka. Ya rantse bai san Baba yana cikin kwamitin ba sai bayan ya rubuta.

"To ka goge mana," ta ce.

"In na goge yanzu yaran Honarabul za su ce saye na aka yi da mace. Ki bari zaɓe ya wuce."

Sai ta ce, "Yaya Deeni, mu yi iyaka. Daga yau babu siyasa tsakanina da kai. Kada ka turo min, kada ka yi min zancenta. Ni ma na daina duba shafinka."

Ya yarda, kuma ya cika alkawari.

Inda ba ta yi iyakar ba shi ne wajen Halimatu Sa'adiya, ƙanwarsa, ƙawarta tun ajin ɗaya na sakandare. Kwano ɗaya suka ci, gado ɗaya suka kwana a makarantar kwana, ta hanyarta ma Muhyiddeen ya fara ganin Zulaiha. Suna cikin guruf ɗin wasaf na 'yan ajinsu, mata kusan tamanin, wasu a Kano, wasu a Kibiya, wasu a gidan miji a Zurgu da Fassi. Da siyasa ta yi zafi guruf ɗin ya koma filin habaici, Sadiya kuwa baki ne da ita kamar reza.

Huseina, 'yar baffan Zulaiha, ta ce mata, "Ki fita daga guruf ɗin nan sai an gama zaɓe. Ko ki kira Sadiya ki ce mata ki daina sako ni. Magana ɗaya ce."

"In na fita ai cewa za su yi tsoro na ji."

"To su ce mana. Tsoro ya taɓa kashe wani?"

Ba ta ji ba. Kullum tana karantawa tana haɗiyewa, har ranar da Sadiya ta ɗauko rubutun yayanta ta saka a guruf, ta haɗa da hoton buhun taki sanye da hula da gemu, ta ambaci sunan Zulaiha ta ce, "Ƙawata, a gaida mana ciyaman."

'Yan guruf suka dinga turo fuskokin dariya.

Zulaiha tana wanke-wanke lokacin. Ta goge hannu a zani, ta danna wajen saƙon murya.

"Sadiya, ki iya bakinki. Ubana dai kowa ya san gidansu, kakansa ne ya sari dajin Tarai. Ku fa? Ubanku a bayan motar gyaɗa aka sauke shi a tashar Rano, har ya koma ga Allah ba wanda ya san garinsu. Yanzu marasa asali ne za su koya mana mutunci?"

Ta tura. Ta yi wa Sadiya bulok. Ta fice daga guruf.

Kafin ta gama ɗauraye kwanukan zuciyar ta sauka. Ta koma da sauri za ta goge, amma wanda ya fita ba ya gogewa. Muryarta tana can a zaune a wayar mata tamanin. Ta riƙa lallashin kanta cewa guruf ɗin mata ne, ƙila ba zai fita ba. Muhyiddeen ya rage kira, in ta yi masa saƙo sai ya amsa da kalma ɗaya, ta ce wa kanta ai hidimar hanya ce.

Sai ga shi yau tabarmar zaure ta wuni babu kowa a kanta.

Bayan baƙi sun watse Baba ya shigo tsakar gida ya zauna a kan turmi da aka kifa. Yayanta Uzairu yana tsaye a gefe da waya a hannu.

"Zulai."

"Na'am, Baba." Ta durƙusa daga nesa.

"Alhaji Ramalan ya ce a dakata. Ya ce in tambaye ki, ke kin san dalili. Na tambayi wanki ya kunna min wani abu. Muryarki ce?"

Hawaye ya ɓalle mata. "Ni ce, Baba."

Uzairu ya yi karaf ya ce, "Baba, ni fa ban ga laifinta ba. Su suka fara. An zage ka a duniya, 'yarka ta rama maka. Wallahi a ofishin Honarabul har tafi aka yi mata. Zulkifilu cewa ya yi irin wannan ce macen aure. Dama tun bara yake min maganarta, kuma ka san shi ne na hannun daman Honarabul, in aka ci zaɓen nan—"

"Uzairu, da kai nake?"

Uzairu ya ja da baya.

Baba ya dubi Zulaiha ya daɗe. "Ranar da wanki ya karanta min abin da yaron nan ya rubuta, na ji ciwo. Buhu nawa aka kawo, buhu nawa aka ce an kawo, ni da Allah muka sani. Amma na ce yaro ne, zafin siyasa ne, zai wuce. 'Yan'uwana suka ce in fasa ba shi ke, na ce siyasa daban aure daban. Ni da aka zaga na haɗiye saboda ke. Ke da ba a zaga ba kika kasa."

"Baba, kai aka sa wa hoto..."

"Ina raye, zan iya yafewa. Malam Mato, uban yaron nan, fa? Mutumin da yake kabari kika tono. Shekarar da Ummarki ta kwanta naƙudarki da damina, hanyar nan ta yanke, ba motar da ta yarda ta shigo Tarai sai tasa. Ban tambaye shi garinsu ba ranar."

Umma tana bakin murhu ta sa gefen mayafi ta share ido.

Baba ya miƙe. "Ba zan yi miki dole a kan kowa ba. Amma ni ba zan je Rano roƙo ba. Ban san da wane baki zan fara ba."

Da safe Zulaiha ta samu Umma tana tankaɗe. Idanunta sun kumbura.

"Umma, ki bar ni in je Rano."

"Gidan surukai? Ke ko kunya?"

"Kunyar ai na riga na zubar da ita a waya, Umma. Ba wajensa za ni ba. Wajen Hajiya mahaifiyarsa za ni."

Umma ta ajiye rariya. Ta ce, "Ki tafi da Huseina. In ta kore ki, ki ce na gode ki taho. Kada ki kare kanki ko da kalma ɗaya."

Tun da Muhyiddeen ya fara neman ta ba ta ƙara taka gidan ba saboda kara. A da kuwa har kicin take shiga ta ɗebi ƙanzo. Yanzu ta tsaya a soro, sai da Huseina ta yi sallamar.

Sadiya ce ta fito. Ta rame. Suka tsaya suna kallon juna.

"Sadiya..."

"Me kika zo yi gidan marasa asali?"

Zulaiha ta fashe da kuka ta kama hannunta. Sadiya ta fizge, amma ita ma idonta ya cika.

"Kin san me ya fi min ciwo?" in ji Sadiya. "Ina saka hoton nan na san na yi wauta. Na goge shi, na bi ki ta gefe na rubuta miki ki yi haƙuri, wasa ne ya yi yawa. Saƙon ya ƙi shiga. Na kira ki ya ƙi shiga. Sai na koma guruf na tarar da muryarki."

"Ban gani ba, wallahi ban gani ba."

"Ina za ki gani kin rufe ƙofa? Da kin ce min Sadiya bana so, da wallahi na daina tun ranar farko. Kullum ina tsokana kina shiru, na ɗauka ke ma dariya kike. Shekara nawa muna tare, kika kasa ce min bana so, amma kika iya faɗin wancan a gaban kowa."

"Ke ma ubana kika saka."

Huseina ta taɓa ta. Zulaiha ta tuna maganar Umma ta sunkuyar da kai.

"Na saka," Sadiya ta ce a hankali. "Kuma ban ƙara barci mai daɗi ba. Ba ni na kai wa Hajiya ba, in shi kike tunani. A gidan suna aka kunna mata, a gaban mata cike da ɗaki."

Daga ciki wata murya ta ce, "Halimatu, wa kika tsare a soro? Ku shigo."

Hajiya Fanta tana zaune a kan darduma a ƙarƙashin rumfa, carbi a hannu. Zulaiha ta zube tun daga nesa, ta kasa ko gaisuwa.

"Matso, Zulaiha. Ai ba baƙuwa ba ce ke."

Ta matso da gwiwa.

"Na ji muryarki a waya. Na ce ba ke ba ce, yanzu ana haɗa murya. Sai da aka ƙara kunnawa. To ga ni, ga ki. Maimaita min."

"Hajiya, ki yafe min. Don girman Allah ki yafe min."

"Ba za ki iya a gabana ba ko? Amma kin iya a gaban waya." Hajiya ta ajiye carbin. "Abin da kika faɗa, rabinsa gaskiya ne. A bayan motar gyaɗa ya zo. Yaro ne, iyayensa sun rasu a can gabas shekarar yunwa, ya bi mota don ya rayu. Da ya nemi aurena, dangina suka ce ba shi da asali. Kawunsu Ramalan shi kaɗai ya tsaya mana, har aka yi shekaru ba a gaisawa da shi a gidanmu. Kalmar nan na ji ta ina budurwa, na ɗauka an binne ta tare da Malam. Sai ga ta ta dawo a bakin yarinyar da nake zuba wa tuwo da hannuna."

Kukan Zulaiha ya cika gidan. Sadiya ta juya baya tana goge fuska.

"Ni na yafe miki," in ji Hajiya. "Ƙuruciya ce da zafin zuciya, kuma tawa 'yar ita ta fara. Na yi mata nata faɗan. Amma maganar aure ba a hannuna take ba. Ramalan ya ce ba zai kai ƙafarsa gidan da ake ganin ɗan ƙanwarsa ba shi da asali ba. Ya ce yau an faɗa a waya, gobe a gaban 'ya'yansa za a faɗa. Ban da amsar da zan ba shi."

"Ba haka nake ganinsa ba, Hajiya. Wallahi ba haka ba ne a zuciyata."

"Na sani ko ban sani ba, baki ya riga ya yanka. Tashi ku tafi kada rana ta yi muku."

A ƙofar gida suka tarar da bas ɗin Muhyiddeen a fake, babu fasinja. Yana jingine da ita, hannu a aljihu. Da alama ya daɗe a wurin. Huseina ta gaishe shi ta matsa gefe.

Zulaiha ta kasa ɗaga kai. "Yaya Deeni."

"Na ji duk abin da kuka yi da Hajiya. Ina soro."

"Me ya sa ba ka ce min ka ji saƙon ba?"

"Jira nake ki faɗa min da kanki." Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "A tasha aka kunna min, Zulaiha. Ina lodin fasinja, wani ɗan kamasho ya ɗora a lasifika ya ce direba zo ka ji amaryarka. Haka na ja motar nan har Kano ban san me nake gani a titi ba."

"Ka tsane ni ko?"

"Da na iya da na huta."

Ta rufe fuska da hijabi tana kuka. Ya bari sai da ta tsagaita.

"Ke kika ce mu yi iyaka, na yarda, na ji daɗi ma, na ce matata mai hankali ce. Amma ranar kin ce in goge na ƙi. Saboda kada yaran Honarabul su yi min dariya. Mutanen da ko gaisuwar mutuwa ba za su zo min ba. Da na goge, Sadiya ba ta da abin sakawa. Ɗan takarar da nake wa wannan haukan ko sunana bai sani ba."

"Yanzu ya za mu yi?"

"Na goge jiya, bayan Kawu ya kira Baba. Na rubuta cewa ban tabbatar ba na faɗa, ina neman afuwar dattawan Tarai. Tun safe ake zagina a ƙasan rubutun, har da abokaina." Ya ɗaga kafaɗa. "Amma Baba ba ya Fesbuk. A duniya na zage shi, a gabansa ya kamata in durƙusa. Ku shiga in kai ku."

"Kawu fa?"

"Kawu ya rantse. Ban san yadda za a yi da Kawu ba."

Suka shiga baya ita da Huseina. Suka fita daga Rano, duwatsun gari suka koma bayansu. Gero ya yi kai a gonaki hagu da dama. A kowace bishiya ta bakin hanya an manna fastar 'yan takara, wata a kan wata, ruwa ya wanke fuskokin. Zulaiha tana kallon ƙeyarsa tana tuna ranar da ya fara rage mata hanya daga makaranta, Sadiya a gaba tana ta zuba. Ta ciro waya, ta nemo sunan Sadiya ta cire bulok ɗin. Ta zuba ido ko saƙon ban haƙurin zai shigo. Babu abin da ya shigo.

Suna shan kwanar layinsu Huseina ta ce, "Innalillahi."

Wata baƙar mota mai tutar jam'iyya tana fake a ƙofar gidansu. Uzairu yana tsaye kusa da ita yana washe baki, yara suna sauke katan-katan na lemo da buhun goro. A bakin zaure takalman manya ne a jere, a cikinsu har da sau-cikin Zulkifilu mai ƙyalli.

Muhyiddeen ya kashe mota. Ya daɗe riƙe da sitiyari.

Uzairu ya hango shi, fuskarsa ta canja. Ya tako ya tsaya a gaban bas ɗin. "Malam, ka yi ɓatan hanya. Mutanenka jiya aka jira."

Zulaiha ta ce, "Yaya Deeni, ka bari sai sun tafi. Don Allah. Za su wulaƙanta ka."

Bai juyo ba. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya gyara hularsa, ya ratse Uzairu kamar bai gan shi ba. A bakin zaure ya cire silifas ɗinsa na direba ya ajiye a gefen takalman baƙi.

Hirar da ake yi a ciki ta tsaya cak.

"Assalamu alaikum," ya ce.

Zulaiha ta riƙe hannun Huseina gam, tana jiran ta ji ko Baba zai amsa.